Tukunyar Dada ta bakin gidan kaso

Sefa 18,000 nake tura wa Dada ta hanyar Orange Money a kowane wata, ita kuma ta kai wa ƙanena abinci sau ɗaya a yini a gidan kason da ake tsare da shi. In an raba, kwano ɗaya ya tashi 600 ke nan. Da wannan kuɗin za ka ci shinkafa da miya har da guntun nama a bakin kasuwar Garwa, nan arewacin Kamaru, saboda haka ba zan ce ta tsawwala ba, ba kuma zan ce sadaka take yi ba. Ciniki ne, da idon mai saye zan yi maganarsa. Kuɗin cirewa ma a kaina yake. Tun da gwamnati ta ɗora harajin kashi 0.2 cikin 100 a kan turawa da cire kuɗi ta waya a 2022, ta ce ita ba ta san wannan lissafin ba, 18,000 ɗinta dai su shigo hannunta cif.

Ni ɗinki nake yi a Garwa. Ƙanena haya yake yi da babur. Ya sayi wani na hannu a wani gari da ke kan hanyar Marwa, ashe na sata ne, jandarmomi suka haɗa shi da waɗanda suka sayar masa. Tunda a can aka yi satar, a can ake binciken, a can kuma aka ajiye shi yana jiran shari'a. Ba zan faɗi sunan garin ba, ba zan faɗi sunan matar ba, domin har yanzu yaron yana ciki. Kowa Dada yake ce mata, har gandirobobi. Rumfarta ta zana ce, a tsallaken hanya, tana kallon ƙofar gidan. Duk wanda ya taɓa zuwa ziyara a can ya san wadda nake nufi.

Wanda bai taɓa samun nasa a ciki ba zai ce ai gwamnati na ciyar da fursuna. Tana ciyarwa: sau ɗaya a yini, tuwon masara ko na dawa da wani ruwa-ruwa da ake kira miya. Namiji mai jini a jika ba zai daɗe a kansa ba sai ka ga wuya ya fito. Waje ne ke riƙe da ciki, kowa ya sani. Mu kuma da ke nesa, kuɗin motar zuwa da dawowa kaɗai ya fi kuɗin abincin mako. Shi ya sa irin su Dada suka samu sana'a.

Bari in fara da tukunyar, tunda ita nake biya. Tuwon dawa ne yawanci, wani lokaci na masara, Juma'a shinkafa. Miya tana juyawa tsakanin kuka, yakuwa da gyaɗa, tafasa da wake, lalo da busasshiyar kuɓewa. Alkawarinmu shi ne nama sau biyu a mako, sauran ranakun busasshen kifi, irin wanda ake kawowa daga tafkin Lagdo. Man Diamaor take amfani da shi, na ga galan ɗin da idona, ba irin man da ake aunawa a leda ba wanda ba ka san asalinsa ba. Na zauna na ci a rumfar ba sau ɗaya ba, daga tukunyar da ake zuba wa na ciki, domin ban yarda a zuba mini na baƙi ba. Miyar yakuwarta ba ta da ta biyu. Tana zubar da ruwan farko, ta sa kanwa daidai, gyaɗar kuma ba ta yi mata ƙwauro, sai tsamin ya tsaya inda ya kamata. Kukarta dai ga ta nan, ba yabo ba fallasa. Lalon kuwa ni bai yi mini ba, ta cika masa kanwa har yana ɗaci a maƙogwaro, amma ƙanena ya ce shi ya fi so, to ba ni zan ci ba.

Abin da ya bambanta ta da mai tuwon kasuwa ba daɗin hannu ba ne. Ta san inda abincin zai je. Tuwonta mai tauri ne, saboda ta san wanda ya karɓa da azahar zai rage rabi ya kai magariba, tuwo mai ruwa kuwa kafin la'asar ya saki a wannan zafin. Miyarta mai kauri ce, don a bakin ƙofa sai gandiroba ya sa cokali ya juya har ƙasa yana neman abin da aka ɓoye, kuma kwanon zai bi hannu uku ko huɗu kafin ya kai ga mai shi. Miya mai ruwa rabinta a hanya za ta ƙare. Nama tana yanka shi ƙanana, ta cire ƙashi tun a rumfa don kada a tsayar da kwano a kansa. Tuwon kuma malmala uku take yi ƙanana maimakon babba ɗaya. Ranar da muka yi ciniki ta ce mini, "Ɗiyata, ki sani ba shi kaɗai kike ciyarwa ba. A ciki ba mai cin kwano shi ɗaya." Haka ne kuwa. Akwai waɗanda tun da aka kawo su ba wanda ya taɓa leƙo su, wasu daga Cadi, wasu daga Najeriya, wasu 'yan ƙauyen da iyayensu ba su ma san inda suke ba. Ƙanena da mutum biyu yake ci, su kuma su ɗebo masa ruwa, su tsare masa wurin kwanciya. Duk mai shirin ƙulla irin wannan cinikin ya sa wannan a lissafinsa.

Wajen shigar da abinci nan ma ta cancanci kuɗinta. Ba a yarda da kwanon ƙarfe ba, ba kwalba, ba gwangwani, ba cokali mai kaifi. Robobi take amfani da su masu murfi, kowace an rubuta mata sunan mai ita da lambar ɗakinsa da fenti. Wanda ya kawo abinci sai ya ɗanɗana a gaban gandiroba, tuwo da miya da ruwa duka. Ita da jikanta suke turo robobin a kura, ta tsaya ta ɗanɗana ɗaya bayan ɗaya. Na ga mata sun zo tun daga ƙauye da girki mai kyau a samira, an mayar da su saboda samirar, suna ta neman leda a rana. Na Dada ban taɓa jin an mayar ba. Daga ƙofa fursunonin da ke aikin kiran suna ne ke ɗauka su kai ciki, kuma ladansu yana cikin kuɗin watan, ba sai ƙanena ya sake ba su wani abu ba.

To ta yaya mutum yana Garwa zai san abin da ya biya ya isa? Sai ya je. Babu wata hanya. Ita ziyarar ga mai jiran shari'a tana da takardarta, alƙalin binciken da ke riƙe da maganar ne ke bayarwa, kuma doka ta ba mata da iyaye da 'ya'ya da 'yan'uwa har da abokai damar ziyara a lokutan da gidan ya tsara. Ka zo da katin shaidarka, a nan ƙofa za a riƙe shi sai ka fito. Waya ba ta shiga. A nan rumfar Dada take da wani amfanin: tana ajiye waya da jaka a wata akwatin ƙarfe da take zaune a kai, 100 kowane mutum. Ban taɓa rasa ko allura ba. Tana da tabarmi da buta, in lokacin salla ya yi, da randa a gindin dalbejiya. Macen da ta taso tun asuba ta sha hanya ta san darajar wannan.

Ciki kuwa ba wurin hira ba ne. Kuna tsaye, kai ta nan shi ta can, raga a tsakani, mutane a jere kafaɗa da kafaɗa kowa yana ɗaga murya don nasa ya ji. Kafin ka gama gaisuwa ka faɗi lafiyar Inna da ta yara an fara buga ƙarfe. Saboda haka nakan shirya tambayoyina tun a mota. Ba na ce masa "abinci yana zuwa?", don zai ce yana zuwa ko da ba ya zuwa, ba ya son ya ɗaga mini hankali. Cewa nake yi, "Shekaranjiya wace miya ka ci? Jiya fa? Yaushe rabonka da nama?" Sai in fito in yi wa Dada tambayoyin nan ba tare da ta san na riga na ji ba. Mafi yawan lokuta bakinsu ɗaya.

Mafi yawa na ce, ba kullum ba. Daga 20 ga wata zuwa ƙarshensa tukunyar tana ramewa. Nama ya koma sau ɗaya, kifin ya zama ƙamshi kawai, gyaɗar yakuwa ta ja baya. Dalilin a fili yake: ta karɓi kuɗin kowa a farkon wata, ta yi cefane da buɗaɗɗen hannu, ta biya bashi, ta yi bikin dangi, sai ƙarshe ya zo a daddafe. Ƙanena ne ya fara faɗa, shi ma cikin dariya: "Adda, in kina son sanin kwanan wata ki leƙa miyar Dada." Da na yi mata magana ba ta musa ba. Ta ce akwai iyalai uku da ba su biya ba, kuma ba za ta iya yanke wa 'ya'yansu abinci ba. Na yarda da ita, na kuma tausaya, amma gaskiyar magana ita ce da kuɗina ake yin wannan alherin ba a tambaye ni ba. Yanzu rabi nake turawa a farkon wata, rabi a tsakiya. Ba ta so ba, ta yarda. Abin ya ɗan gyaru.

Akwai kuma lokacin da aka yi mata rasuwa ta tafi ƙauye, ta bar wa surukarta tukunya. Ba ta gaya wa kowa ba. Yarinyar ba ta san ƙofa ba, ta makara, aka rufe karɓar abinci, yaran suka kwana da na gidan. Washegari ma haka. Ba a kira ni ba, ba a rage mini ko dala ba, sai da na je na ji daga bakin ƙanena. Na same ta tana tuƙa tuwo, na yi mata gaisuwar rashi tukuna, sannan na ce, "Dada, ranakun da kwano bai shiga ba fa?" Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Ɗiyata, ashe har da ni za ki yi wa lissafi?" Na ce, "Dada, ba ni ce mai kuɗin ni kaɗai ba, karo-karo muke yi da Kawu da sauran 'yan'uwa, su zan mayar wa da bayani." Ta yi shiru, ta ce za ta ƙara masa ƙosai da safe har ya cike. Ta cika alkawari, amma sai da aka tambaya. Wanda ba ya zuwa, ko mai jin nauyin baki, haka zai yi ta asara bai sani ba.

Kayan teburinta kuwa, sabulu, sukari, garin rogo, omo, man shafawa, silifa, ban ba kowa shawarar saye ba sai dole. Sabulun da za ka samu a babbar kasuwar Garwa, a wurinta sai ka ɗora kusan rabin kuɗinsa. Ka yi sayayyarka tun daga gida, ka juye komai a leda fara mai nuna ciki. Sabulu dai kada a yi wasa da shi, ƙaiƙayi da ƙazuwa ba sa barin cunkoso.

Abin da ya fi damuna da rumfar ba na tukunya ba ne. Na farko baki. Duk wanda ya zauna a tabarmar nan zai tashi ya san laifin da ake tuhumar mijin kowace mace, da wadda kishiyarta ta daina zuwa, da wanda aka sayar da gonarsa. Dada ba muguwa ba ce, hira ce kawai take jin daɗinta, amma abin da ka faɗa mata da safe ya kai ƙofa kafin azahar. Maganar shari'arku ku bar ta a cikinku.

Na biyu wani mutum ne da ke zama a ƙarshen bencinta, kullum da jakar takardu da hula a karkace. Yana gane sabon zuwa daga tafiyarsa. Zai gaishe ka da ladabi, ya tambayi wa kake da shi a ciki, ya girgiza kai, sannan ya ce ya san kwamandan jandarma, ya san na kusa da mai gabatar da ƙara, in aka kawo kaza yaro zai kwana gida. Ni ma ya same ni. Na ce masa kwamandan jandarma ba shi da mabuɗin wannan gidan, gidajen kaso a Kamaru tun 2004 suna ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ne, kuma wanda alƙali ya sa hannu aka tsare sai da sa hannun shari'a zai fita. Bai sake kula ni ba. Na ga matar da ta sayar da awakinta ta ba shi, har yau mijinta yana ciki. Dada ta san aikinsa sarai. Ba ta tura kowa wurinsa, na shaida wannan, amma ba ta kore shi ba, ba ta kuma ja kunnen baƙi sai wanda ta ga dama. A ganina wannan ne babban aibin wurin, ya fi na miyar ƙarshen wata.

Da kuɗin da za a ba irin wannan mutumin gara a nemi lauya na gaske ko da na zama ɗaya ne. A wurin lauya na ji cewa dokar shari'ar laifuka ta 2005, wadda ta fara aiki a Janairun 2007, ta ce tsarewar da alƙalin bincike ke yi kada ta wuce wata 6, in zai ƙara sai da dalili a rubuce, wata 6 ga matsakaicin laifi, wata 12 ga babba. Akwai kuma neman beli, a rubuce ake yi, ba a bayan rumfa ba. Ko ana bin wannan ko ba a bi wata magana ce, amma wanda ya san kwanan watan da aka sa hannu a takardar tsare ɗan'uwansa yana da abin riƙewa in ya je tambaya. In yi wa Dada adalci, ita ce ta fara gaya mini wani abu mai amfani da ban ji a bakin kowa ba: in fara tara kuɗin tara da na kotu tun yanzu. Ta ce ta ciyar da mutane da yawa da suka gama wa'adinsu amma aka ci gaba da riƙe su saboda ba a biya waɗannan ba. Na tambayi lauya, ya ce haka dokar take. Tun daga nan na buɗe asusu daban.

Azumin 2024 ya faɗo a Maris da Afrilu, lokacin da zafin arewa ke haura digiri 40, a nan na ƙara ganin ƙwarewarta. Ƙofa ba ta jiran magariba, saboda haka abin buɗa baki da na sahur tare suke shiga da la'asar. Na buɗa baki ba matsala: kunun gyaɗa a gorar roba, ƙosai, dabino, sai ƙanƙara da take naɗewa a buhu. Sahur ne aikin, don duk abin da ke da miya kafin asuba ya lalace. Sai ta koma dambu busasshe, gumba, garin rogo da ƙuli-ƙuli da sukari a ƙulle daban, wanda mutum zai jiƙa da kansa. Ta ƙara 5,000 a watan, ban yi ciniki ba. Ranar salla ta aika musu da waina da miyar taushe, har da waɗanda ba a biya musu ba, wannan kam daga aljihunta.

Sai maganar da ta sa duk da ƙorafina ban canza ta ba. Wata rana da dare ta kira ni, abin da ba ta saba ba. Ta ce robar yaron ta dawo ba a taɓa kason tuwonsa ba jiya da yau, ta tambayi mai kiran suna ya ce yana kwance da zazzaɓi. Ta riga ta sa an karɓo takardar magani daga ma'aikacin jinyar gidan, kuɗi kawai take jira. Na tura, ta saya a kantin magani na gari, jikanta ya ɗauki hoton rasit ya turo ta WhatsApp. Zazzaɓin cizon sauro ne, kuma ya samu sauƙi. Ba ya cikin cinikinmu, ba ta kuma caje ni ba. Mai duba robar da ta dawo ta san wanda bai ci ba, wannan ba kowace mai tuwo ba ce.

Akwai wasu hanyoyin, na kuma duba su. Wata mata a bayan tasha tana yi a 400, amma a leda take ƙullawa, kuma yaro take aikowa wanda wani lokaci sai ya tsaya kallon ƙwallo. Ana iya shigar da ɗanyen kaya, gari da wake da mai, na ciki su dafa da kansu, ya fi araha, sai dai gawayi da wurin girki su ma da kuɗinsu a ciki, kuma kayan da aka ajiye a ɗaki mai cunkoso ba ya kai ranar da aka ɗiba masa. Masu dangi a garin sukan ɗora musu, amma na ga yadda abin ke ƙarewa: watan farko da zafi-zafi, na biyu a fara tsallake rana, na uku a fara gaisawa sama-sama. Gara wanda kake biya, kana iya yi masa magana.

In kana cikin garin kuma akwai mai girki a gidanka, ba ka bukatar Dada sai don ajiyar waya. In kana nesa kamar mu, ka ɗauke ta, amma ku yi magana a fili tun ranar farko: ranakun nama, abin da za a yi in kwano bai shiga ba, wanda zai riƙe tukunya in ta yi tafiya, kuma kuɗin a raba shi biyu. Mai ciwon suga ko hawan jini kuwa kada a dogara da ita a kansa. Tukunya ɗaya take ɗorawa ga kowa, hannunta yana da nauyi a gishiri da Maggi, kuma na ji da kunnena ta gaya wa wata mata cewa ba za ta hura wuta biyu saboda mutum ɗaya ba.